Sharar Gida da Kuɗin Ajiya: Yadda Ingila Ta Raba Gardamar Mai Gida da Ɗan Haya

A ƙasar Ingila, in mutum zai kama hayar gida, ban da kuɗin haya na watan farko, akan karɓi waɗansu kuɗi a hannunsa a ajiye, domin in ya yi ɓarna ko ya tashi da bashi a biya daga ciki. Su ne za mu kira kuɗin ajiya. Ran da ya tashi ya mayar da mabuɗi, ya kamata a mayar masa da abinsa. To, a nan rigima takan tashi. Sai takarda ta zo daga mai gida ko dillalinsa, cewa an tarar da murhu da maiƙo, tagogi da ƙura, kafet da tabo, saboda haka za a cire kaza don biyan masu shara. Ɗan haya kuwa ya rantse ya bar gida fes. Ƙungiyar Tenancy Deposit Scheme, ɗaya daga cikin masu raba irin wannan gardama, takan buga lissafinta kowace shekara, kuma shekara bayan shekara maganar tsabta ce ke kan gaba cikin abubuwan da ake jayayya a kansu, ta wuce ɓarnar kaya, ta wuce bashin haya.

Abin ya shafi jama'a da yawa. Iyalan da ke zaune a gidajen haya na masu zaman kansu a Ingila sun haura miliyan 4 da rabi, watau kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan iyalan ƙasar, kuma yawansu ya ninka tun daga farkon shekarun 2000. A cikinsu akwai ɗalibai da ma'aikatan asibiti 'yan Nijeriya da Ghana, waɗanda sau da yawa sukan yi asarar kuɗinsu don rashin sanin ƙa'ida. Ya kamata mu duba yadda Turawa suka bi da wannan al'amari, gama a cikinsa akwai abin lura ga duk mai riƙe da alƙalami.

YADDA ABIN YAKE A DA

Dokar Gidaje ta 1988 ita ta sakar wa masu gidaje mara. Ta kawo irin hayar nan ta gajeren wa'adi, ta bar kuɗin haya a hannun kasuwa. Masu kuɗi suka yi ta sayen gidaje suna sa haya, 'yan haya kuma suka yi ta ƙaura daga wannan gida zuwa wancan, kowace ƙaura da nata kuɗin ajiya. A wancan lokaci kuɗin suna aljihun mai gida. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma ma'aji. In ya ce gida bai sharu ba, ya cire abin da ya ga dama, ɗan haya ba shi da mafita sai kotu. Kotu kuwa tana cin kuɗi da lokaci, kuma mutumin da ya riga ya koma wani gari da wuya ya dawo yin shari'a a kan fam 200. Yawanci sai a haƙura. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Ba duk masu gida ne kuraye ba, amma tsarin ya buɗe wa macuci ƙofa, ya kuma sa ana zargin mutumin kirki.

Ƙungiyoyin taimakon jama'a irin su Citizens Advice da Shelter sun daɗe suna kuka a kan wannan, har Majalisar Dokoki ta sa gyara a cikin Dokar Gidaje ta 2004. Gyaran ya fara aiki a Ingila da Wales ran 6 ga Afrilu, 2007. Ƙasar Skotland ta bi sahu da nata tsarin a 2012.

ABIN DA DOKA TA CANJA

Dokar ta tilasta wa mai gida ya shigar da kuɗin ajiya ƙarƙashin ɗaya daga cikin ƙungiyoyi uku da Gwamnati ta yarda da su, watau Deposit Protection Service, da MyDeposits, da Tenancy Deposit Scheme. Da farko wa'adin yin haka kwana 14 ne, sa'an nan aka mayar da shi kwana 30 a 2012. A cikin wannan wa'adi lalle ne ya ba ɗan haya takarda mai bayyana inda kuɗin suke, da yadda zai karɓe su, da abin da zai yi in gardama ta tashi. Hanya biyu ce. Ko dai ya miƙa kuɗin ga ƙungiya ta riƙe, ba a biyan kome. Ko kuwa ya riƙe su a hannunsa, ya biya ƙungiya ladan lamuni, bisa sharaɗin in an yi jayayya zai miƙa mata abin da ake jayayya a kai har a yanke hukunci. Mai gidan da ya ƙi bin wannan, kotu tana iya sa shi ya biya ɗan haya daga ninki ɗaya har zuwa ninki uku na kuɗin ajiyar, ban da mayar da asalin kuɗin.

Ran tashi, in sun daidaita a kan abin da za a mayar, sai a biya cikin kwana 10. In ba su daidaita ba, ƙungiya tana da masu raba gardama, aikinsu kyauta ne. Ba a kiran kowa ya tsaya gabansu, ba su kuma zuwa duba gida. Takardu da hotunan da kowane ɓangare ya aiko su kaɗai suke dubawa, kuma in duka biyun sun yarda da wannan hanya, hukuncin ya hau kansu.

Abin da ya fi kome nauyi a nan shi ne tushen da ake gina hukunci a kai. Kuɗin ajiya na ɗan haya ne tun daga ran da ya bayar har ran da za a mayar masa. Saboda haka mai gida ne mai da'awa, kuma shi zai kawo hujja. Lalle ya nuna abu uku: cewa yarjejeniyar haya ta ɗora wa ɗan haya wannan nauyi, cewa ɗan haya ya kasa sauke shi, cewa kuma abin da yake neman cirewa daidai yake da asarar da ya yi. In ɗaya ya faɗi, kuɗi su koma ga mai su.

INA IYAKAR WAJIBIN ƊAN HAYA?

Tun kafin waɗannan dokoki, kotunan Ingila sun riga sun shata iyaka. A shari'ar Warren da Keen, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 1953, mai gida ta nemi ɗan haya mai biyan mako-mako ya biya gyaran bango da dokin taga da suka lalace. Kotu ta ƙi. Alƙali Denning ya bayyana cewa abin da ke kan ɗan haya shi ne ya zauna a gida zaman mai hankali, ya yi 'yan ƙananan ayyukan da kowane mazaunin gida ke yi: ya goge tagogi, ya share bututun hayaƙi in ya toshe, ya buɗe magudanar wanke-wanke in shi ya cushe ta, ya kashe ruwa in zai yi doguwar tafiya da hunturu. Amma abin da tsufa ya ci, ko wucewar zamani, wannan ba nasa ba ne. Dokar 1985 ta masu gida da 'yan haya ta ƙara tabbatar da cewa gyaran jikin gini, da rufi, da hanyoyin ruwa da gas da lantarki, da na'urar ɗumama ɗaki, duk a wuyan mai gida suke.

Game da shara, ma'aunin guda ɗaya ne: a mayar da gida da tsabta irin wadda aka same shi da ita. Wanda ya shiga gida ya tarar da shi ƙal, sai ya bar shi ƙal. Wanda ya tarar da murhu da maiƙo, ba za a ce sai ya bar shi yana ƙyalli ba. Amma fa a lura da bambanci tsakanin tsufa da dauɗa. Fenti yakan koɗe, kafet yakan suɗe a bakin ƙofa inda ake yawan takawa, labule yakan sha rana. Duk wannan tsufa ne, kuɗin haya ya riga ya biya shi. Maiƙon murhu, da ragowar abinci a firiji, da baƙin datti a bahon wanka, da tarkacen da aka bari a tsakar gida, waɗannan sabulu da tsintsiya ke kawar da su, don haka masu raba gardama ba su karɓar uzurin daɗewa a kansu. Ko shekara goma mutum ya yi a gida, sharar ranar tashi tana kansa.

Akwai kuma ƙa'idar hana mai gida cin riba da ɓarna. Ga misali. A ce an shimfiɗa kafet na fam 600 wanda ake sa ran zai yi shekara 10. Ya shekara 6, sai ɗan haya ya ƙona shi da dutsen guga har ba shi gyaruwa. Mai gida ba zai karɓi kuɗin sabon kafet ba, domin wanda aka lalata ba sabo ba ne. Sauran rayuwarsa shekara 4 ce, watau fam 240. In kuwa ƙunar 'yar ƙarama ce a lungu, abin da za a ba shi bai kai haka ba. Manufar ita ce a mayar da mai gida inda da zai kasance in ba a yi ɓarnar ba, kada a wuce nan.

GYARAN 2019

Bayan gyaran 2007 ya toshe wata kafa, sai dillalai suka bi ta wata. Suka riƙa rubutawa cikin yarjejeniya cewa ran tashi lalle ɗan haya ya ɗauko kamfanin shara ya biya, ya kuma kawo rasit, ko da matarsa da 'ya'yansa sun wanke gidan tas. Suka kuma riƙa karɓar kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin binciken hali, da kuɗin duba gida. Dokar Kuɗaɗen 'Yan Haya ta 2019, wadda ta fara aiki a Ingila ran 1 ga Yuni na shekarar, ta haramta waɗannan duka, kuma daga 1 ga Yuni, 2020 ta hau kan tsofaffin yarjejeniyoyi ma. Ta yanka tarar da za ta iya kai fam 5,000 a laifin farko, wanda ya sake cikin shekara biyar kuwa ana iya gurfanar da shi, ko a ci shi tarar da ta kai fam 30,000.

Har wa yau ta sa wa kuɗin ajiya iyaka. In kuɗin hayar shekara bai kai fam 50,000 ba, ba a karɓar fiye da hayar mako biyar. In ya kai, mako shida. Mai biyan fam 1,000 a wata, ajiyarsa ba za ta wuce fam 1,153 da 'yan kai ba. A 2025 kuma Majalisa ta zartar da sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, wadda a cikin tanade-tanadenta akwai hana mai gida neman hayar gaba fiye da ta wata ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka dokar 2019 ta sauke wa ɗan haya nauyin shara. Abin da ta hana shi ne a tilasta masa hanyar da zai bi. In an ba shi gida bayan kamfani ya wanke shi, lalle ya mayar da shi a wannan matsayi, ko da hannunsa ko da kuɗinsa, zaɓi nasa ne. In ya gaza, mai gida yana da ikon ɗauko masu shara ya cire ladansu, amma na wurin da aka bari da datti kaɗai. Ba a cire kuɗin wanke gida duka saboda murhu ɗaya.

TAKARDA ITA CE SHAIDA

Tun da ma'aunin shi ne yadda aka sami gida, duk shari'ar ta rataya a kan abu guda: wa ya san yadda gidan yake ran shiga? Amsa ita ce takardar lissafin gida. Ran da za a ba da mabuɗi, mai gida ko wani akawu na musamman yakan bi ɗaki ɗaki yana rubuta abin da ke ciki, da lafiyarsa, da tsabtarsa, ya ɗauki hotuna masu kwanan wata, ɗan haya ya duba ya sa hannu. Ran tashi a sake yin haka, a gwada biyun. Dokar Ingila ba ta tilasta yin wannan takarda ba, amma mai gidan da ba shi da ita da wuya ya ci shari'ar shara, gama ba shi da abin gwadawa. Rasit na masu shara kaɗai bai isa ba, domin rasit yana nuna an biya kuɗi ne, bai nuna wa ya kawo dattin ba. Haka kuma ɗan hayan da ya sa hannu a takarda mai cewa kome tsaf, alhali ya ga tabo bai yi magana ba, ya ɗaure kansa da igiyarsa. Gani ya kori ji, kuma a wannan fage hoto ɗaya na ran shiga ya fi rantsuwa goma ta ran fita.

INDA TSARIN KE DA RAUNI

Duk da haka ba za mu ce an gama gyara ba. Na farko, ajiyar da kan kai gaban masu raba gardama kaɗan ce ƙwarai in an gwada da yawan waɗanda ake mayarwa. Waɗansu sukan ce wannan alamar zaman lafiya ce. Watakila haka ne, amma akwai wani dalili. Mai ƙaura yana bukatar kuɗin ajiyar sabon gida tun bai karɓi na tsohon ba, raba gardama kuwa yakan ɗauki makonni. Mutumin da ke cikin matsi yakan yarda a cire fam 100 don ya huta, ko da ya san gaskiya tasa ce. Na biyu, akawun da ke rubuta lissafin gida, mai gida ko dillali ne ke biyansa, kuma ba kowane ɗan haya ne ya san yana da ikon gyara abin da aka rubuta ba. Na uku, wanda ya kama ɗaki a gidan da mai gidan ke zaune ciki, dokar ajiya ba ta rufe shi ba, kuma baƙi da ɗalibai sun fi faɗawa cikin wannan rukuni. Na huɗu, akwai abubuwan da ke tsakanin datti da lalacewar gini, kamar fumfuna a bango. Mai gida ya ce rashin buɗe taga ne da shanya a ɗaki, ɗan haya ya ce damshi ne daga jikin gini. Mai duba takarda daga nesa ba kullum yake iya rarrabewa ba.

MAƘWABTAN INGILA

Jamus da Faransa sun bi waɗansu hanyoyi zuwa manufa ɗaya. A Jamus ajiya ba ta wuce hayar wata uku, ɗan haya yana da ikon biya kashi uku, kuma lalle mai gida ya ajiye ta dabam da dukiyarsa, ribar banki kuwa ta ɗan haya ce. Yarjejeniyoyinsu da yawa sukan ce a bar gida a share da tsintsiya, kuma a 2006 babbar kotun tarayya ta fassara wannan da cewa kawar da babban datti ne kurum. A Faransa ajiyar gidan da ba kaya ciki hayar wata ɗaya ce. Doka ta wajabta rubuta halin gida ran shiga da ran fita. In takardun biyu sun yi daidai, a mayar da kuɗi cikin wata ɗaya. In sun saɓa, cikin wata biyu. Mai gidan da ya yi jinkiri kuwa, tun daga gyaran 2014, yana biyan kashi 10 cikin 100 na hayar wata a kan kowane watan da ya makara. Amma a can rashin takardar shiga ɗan haya yakan cuta, domin dokarsu tana ɗauka an ba shi gida lafiya lau sai ya kawo hujjar akasin haka.

ABIN LURA GARE MU

A manyan garuruwan Nijeriya ma wannan al'ada ta shigo. Ban da hayar shekara da ladan dillali, akan karɓi waɗansu kuɗi da sunan gyaran ɓarna, kuma galibi suna hannun mai gida ko dillali, ba a rubuta halin da gida ke ciki ba. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi cewa a ba da rasit dabam na irin waɗannan kuɗi, a kuma ba ɗan haya lissafinsu a rubuce kowane wata shida. Asalin ƙa'idar kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa abin haya amana ne a hannun mai haya, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, kuma hujja tana kan mai da'awa. Abin da Ingila ta ƙara shi ne ta fitar da kuɗin daga ikon mai da'awa, ta kuma mayar da takarda abin dogara.

Kafa ƙungiyoyin riƙon ajiya aikin Gwamnati ne da majalisa, yana kuwa bukatar lokaci. Amma rabin maganin yana hannun kowa tun yau. Duk wanda zai shiga gidan haya, a London ne ko a Kaduna, ya zaga da mai gida ɗaki ɗaki kafin ya sauke kaya, su rubuta abin da suka gani, ya ɗauki hoto da wayarsa, kowa ya sa hannu ya riƙe kofi. Ya karɓi rasit mai faɗin adadin ajiya da abin da za a iya cirewa daga ciki. Ran tashi ya share gida sosai, ya nemi a duba a gabansa, in an ce za a cire wani abu ya nemi lissafi dalla-dalla. Mai gida ma wannan takarda garkuwarsa ce, gama ita za ta tsaya masa ran da ya gamu da ɗan haya maɓarnaci. Ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda canjin wurin aiki kan ɗauke su daga gari zuwa gari, su suka fi kowa yawan ƙaura, su ne kuma jama'a kan kawo wa takarda su karanta musu. In suka fara wannan al'ada a gidajen da suke haya, suka kuma koya wa maƙwabta, za ta bazu tun kafin doka ta iso.